Gidan da Na Kushe a Sparkhill

Ɗakin da na fara zama a Ingila yana unguwar Fallowfield a Manchester, can ƙololuwar wani gida da mu shida muke haya, duk ɗalibai. Rufin a karkace yake, in na ɗago daga ruku'u sai na kauce don kada kaina ya bugi katako. Tun ina Kano mai gidan ya aiko mini da hoton wani ɗaki mai faɗi. Da na iso na tambaye shi, sai ya ce ai wancan na ƙasa ne, kuma an riga ni. Ban ja ba, don ban san wurin wa ake kai ƙara ba. Shekara goma sha ɗaya na yi ina karanta labarai a gidan rediyo, har a kasuwa akan gane muryata kafin a gane fuskata, amma a gidan nan babu wanda ya iya kiran sunana daidai. Wata ɗaliba 'yar Girka, wadda ita ce ta riga ni ɗakin ƙasan, ta ji irin tarin da nake yi a watan farko na sanyi. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da bargo mai kauri a ninke a bakin ƙofata. Ba ta ce ita ta ajiye ba, ni ma ban tambaya ba.

Karatun shekara ɗaya ya kawo ni, da niyyar in koma. Kafin in gama, matata Sa'adatu ta ci jarrabawar da ake yi wa likitocin da suka yi karatu a waje, ta sami aiki a wani asibiti, ta taho da 'yarmu Ummi. Muka koma Rusholme, saman wani shagon kayan zaƙi a kan titin Wilmslow. Duk bas ɗin da ya wuce sai tagar ta yi rawa, kayan sawarmu kuma suka ɗauki ƙamshin gasasshen naman gidajen abincin da ke ƙasa. Bayan nan mun sake haya sau biyu, duk a unguwar. Kowane mai gida da dokokinsa, amma akwai wadda suka haɗu a kanta: ba a kafa ƙusa a bango. Shekara bakwai hoton mahaifina yana jingine a kan akwati.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Gwamnati na rage kuɗin komai, kuma wuraren da mai irin sana'ata zai nemi aiki nasu ma'aikatan ma sallama suke yi. Sai na zama tafinta. Akan kira ni asibiti ko kotu in an sami Bahaushen da ba ya jin Turanci, galibi mutanen Nijar ko Gana ko Sudan. Wani makon a kira ni sau uku, wani makon shiru. Daga baya aka miƙa aikin ga wani kamfani, ladan ya ragu har ya zama ba abin ambato ba. Albashin Sa'adatu ne ya riƙe gidan. Ba ta taɓa yi mini gori ba. In za a biya wani abu a gaban mutane, takan miƙo mini katinta ta ƙarƙashin tebur tun kafin a kawo takarda. Na san alheri take nufi. Amma mutum yakan so a ce akwai abu ɗaya a gidansa da shi ya kawo, kuma na daɗe ina neman wannan abu ɗaya.

Da aka ba ta aiki na dindindin a Birmingham, sai ta ce ta gaji da haya, gida za mu saya. Sharaɗinta ɗaya ne: unguwar da ba sai da mota ba, don ita ba ta tuƙi, ni kuma sau biyu ina faɗuwa jarrabawar tuƙin. Tana son masallaci da makarantar Ummi da mahauci da tashar bas duk a je su a ƙafa. Muna da mutum a garin, Injiniya Tukur, Bazazzagi ne da muka yi makarantar kwana tare, ya kai shekara ashirin a can. Shi ya ce mu duba layukan da ke bayan titin Stratford a Sparkhill.

Mun je wata Asabar da hantsi. Layin gidaje ne na jan bulo, manne da juna kamar haƙoran matsefi, bangon daman kowane gida shi ne bangon hagun maƙwabcinsa. An gina su fiye da shekara ɗari da suka wuce, a saman wasu ƙofofin har da sunan gida da aka sassaƙa a dutse. Mun auna da ƙafa tun kafin mu ƙwanƙwasa ƙofar gidan da aka sa a kasuwa: minti huɗu zuwa masallaci, shida zuwa makaranta, mahauci da mai kayan miya suna kan kwana, ƙarshen layin kuma filin shaƙatawa ne mai manyan itatuwa.

Mai gidan ne ya buɗe mana da kansa, wata dillaliyar gidaje tana bayansa. Tsoho ne dogo, ɗan asalin Ireland, sunansa Mista Brennan. Ya ce mu kira shi Frank, amma sa'an mahaifina ne, bakina bai iya ba.

Sa'adatu ta sa ƙafa ɗaya ciki ta tsaya. Da an shiga akwai ɗan siririn zaure da ya miƙe zuwa matakalar bene, daɓensa ƙananan tayil ne, ja da shuɗi da fari da ruwan ƙasa, an jera su ɗaya bayan ɗaya sun yi zane irin na saƙar faifai. Ƙofar ta katako ce, rabinta na sama gilashi mai launi, hasken da ke ratsa shi yana zuba a kan tayil ɗin, kore da ruwan zuma. Ta sunkuya ta cire takalmanta. Tsohon ya ce ba sai ta cire ba. Ta ce masa ba za ta iya taka wannan da takalmi ba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce da tayil ɗin aka gina gidan, matarsa ta shekara arba'in da takwas tana wanke su da hannu, yanzu kuma shi ke yi.

A kicin ya ba mu shayi, ya gaya mana dalilin sayarwar ba tare da mun tambaya ba. Matarsa Maureen tana gidan kula da tsofaffi da ke ƙetaren filin, ciwon mantuwa ya kama ta. Hukumar birni ta ce abin da za ta iya biya yanzu bai kai kuɗin wurin ba. Ko dai ya riƙa cikawa, ko a mayar da ita wani wuri mai rahusa a bayan gari, inda sai ya hau bas biyu kafin ya gan ta. Shi ya sa zai sayar, ya kama ɗan ɗaki kusa da ita. Sa'adatu ta saurare shi da kunnen likita, ta tambaye shi ko matar na cin abinci. Ni kuwa da kunnen ɗan kasuwa na ji shi: mai kaya a matse yake.

Mahaifina atamfa da shadda ya sayar a Kantin Kwari har ya rasu, kuma duk hutun makaranta a shagonsa na yi shi. Abu na farko da ake koya a can shi ne ba a yabon kaya a gaban mai shi. Wanda ka fi so, shi za ka fi kushewa. Ka murza shi, ka ɗaga shi a rana, ka ce zai zuba, ka ce yayinsa ya wuce. Mai kayan ya san ba haka ba ne, kai ma ka san ya sani, babu wanda ke jin zafi. Wasa ne mai ƙa'ida, ana gamawa a yi musabaha a ce Allah ya sa albarka. A duk abin da na taho da shi daga gida, wannan kaɗai na ga zai yi mini rana a nan.

A bas ɗin komawa Manchester na yi wa Sa'adatu faɗa a hankali, na ce ta nuna wa mai kaya cikinta.

"Abban Ummi, kuɗin da ya sa bai fi ƙarfinmu ba," in ji ta. "Mu ba shi kawai."

"Ɗan Kwari ya sayi kaya a farashin farko? Ki bar mini wannan. Ke kin yi naki, wannan nawa ne."

Ta juya tana kallon gonakin da muke wucewa, can ta ce to. Na san dalilin da ya sa ta ce to, kuma na karɓa.

A ƙasar nan ba a gama cinikin gida da baki. Mai saye ya yi tayi, mai sayarwa ya amince, sannan lauyoyi su shafe watanni suna musayar takardu, kuma kafin a sa hannu kowa na iya sauya magana. Na yi tayi a farashinsa don kada wani ya riga mu, ya amince a ranar. Bayan mako biyu na nemi a bar ni in sake duba gidan. Na zaɓi ranar da Sa'adatu ke aiki.

Injiniya Tukur ne ya ɗauke ni a tasha. Ina shiga motar ya ce, "To Bakano, yau kuma wa za a yi wa wayo?" Da na gaya masa shirina sai dariyarsa ta ragu. Ya ce a nan in ka shiga gidan mutum yabawa kake yi, in akwai aibi na gaske mai duba gini ne zai rubuta, dillali ya kai magana. Ya ce ya karanta takardar mai duba ginin, babu komai a ciki sai ɗan danshi a ɗakin baya, wanda duk gidajen layin suna da shi. Na ce masa Zage-zagi ba su taɓa sanin ciniki ba, shi ya sa har raken da suka noma mu ke sayar musu. Ya ce ya ji, amma kada in sa bakinsa.

Abin da na faɗa wa tsohon ina tune da shi kalma bayan kalma, don riƙe kalma aikina ne. Da tayil ɗin na fara. Na durƙusa na nuna masa wurare biyu da suka tsage. Na ce sanyi ne da su, kuma suna da santsi, yarinyarmu za ta iya faɗuwa. Na ce yanzu babu mai son irin wannan, dole mu fasa su mu sa wani abu, kuma aikin ba ƙaramin kuɗi zai ci ba. Na koma kan ƙofar, na ce gilashin na shigo da iska, ɓarawo da gwiwar hannu zai fasa shi, ita ma sai an canja. Saboda haka, na ce, ya kamata a duba farashin.

Ya ce, "Amma matarka..."

Na ce kara ce kawai ta yi masa. Na ce a al'adarmu baƙo ba ya kushe gidan da aka ba shi shayi, amma da muka koma ta gaya mini ba za ta iya zama da su ba.

A Kwari a nan ne mai kaya zai dafe ƙirji, ya rantse, ya kira maƙwabci shaida. Shi kuwa sai ya zaro fensir daga aljihun rigarsa, ya ɗauko wata tsohuwar ambulan, ya rubuta abin da na ce a bayanta. Ya tambaye ni ko akwai wani abu kuma. Injiniya, wanda tun ɗazu yake kallon silin, ya ce mini da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Malam Bala, ya isa. Nan ba Kwari ba ne. Dubi mutumin." Na duba, yana jira da fensir a hannu. Na ce a raina dabarar mai kaya ce.

Wasiƙarsa ta same ni a Rusholme bayan kwana tara, rubutun hannu, shafi ɗaya. A bas na karanta ta, a kan titin Oxford, ina hanyar zuwa wani aiki a asibiti. Ya ce ya yi tunani a kan maganata. Ba zai iya rage komai ba, saboda matarsa, amma bai ga dalilin da zai bar mana wahala ba. Ya yi aikin gini shekara talatin kafin gwiwa ta zaunar da shi. Zai fasa tayil ɗin da kansa, ya daidaita ƙasan da siminti, ya shimfiɗa sabuwar leda. Ƙofar kuma akwai wani ɗan cocinsu da ke sa fararen ƙofofin roba irin na zamani, zai sa masa. Ba zai fara ba sai bayan mako uku, in an yi masa allurar gwiwa. In ba haka muke so ba, ga lambar wayarsa a ƙasa.

Babu kalma ɗaya a wasiƙar da ban fahimta ba. Amma na taɓa jin mahaifina ya ce wa mai saye gara ya cinna wa shadda wuta da ya sallama a wannan kuɗi, kuma ban taɓa ganin an ƙona shadda ba. Na ce barazana ce. Wa zai ɗauki guduma ya fasa abin da matarsa ta shekara arba'in da takwas tana wankewa? In na yi shiru, ragin zai biyo baya. Na ninke wasiƙar na sa a jakar aikina. Da Sa'adatu ta tambaye ni labarin ciniki, na ce mata mai kaya ya fara laushi.

Mako ukun ya wuce, ragi bai zo ba. Wa'adin da bankin da zai ranta mana kuɗin gidan ya ba mu ya matso, lauyanmu ya ce sai mun yanke shawara. Na ce masa a ci gaba a farashin farko. Na gaya wa Sa'adatu tausayin tsohon ne ya kama ni, ta dafa kafaɗata ta ce Allah ya saka mini. Sau ɗaya na danna lambar tsohon, na kashe kafin ta shiga. In na kira shi sai na ce masa duk abin da na faɗa ƙarya ne, kuma ban san yadda ake faɗin wannan da Turanci ko da Hausa ba. Na gaya wa kaina tunda na yarda da farashinsa, zai san maganar gyara ta faɗi. Ban koma duba gidan ba kafin mu sa hannu, ko da yake lauyan ya ba da shawarar haka.

Ranar Juma'a aka ba mu makulli. Mun iso da la'asar a motar haya da kayanmu a baya. Tun daga kwanar layin na hango farar ƙofa a tsakiyar jeren, na ce wa direban ya wuce, ba nan ba ne. Sa'adatu ta ce nan ne, ga lambar. Tsohon yana tsaye a bakin ƙofar da 'yar jaka a ƙafarsa. A al'ada a ofishin dillalai ake karɓar makulli, amma ya roƙa a bar shi ya miƙa da hannunsa.

Ya buɗe ya matsa gefe don mu gani. Leda ce ruwan toka, shimfiɗe sumul daga bakin ƙofa har gindin matakala. Zauren ya yi duhu, don sabuwar ƙofar ba ta da gilashi sai ɗan ƙarami a sama. Ya nuna mana yadda ya yanka ledar daidai da kwanar matakalar, ba rata ko kaɗan. Yatsunsa uku suna da filasta.

"Kwana goma sha ɗaya na yi," in ji shi. "Waɗanda suka sa su sun san aikinsu. Ba su so fita ba."

Na kalli Sa'adatu. Fuskar da ta sa ita ce wadda na san tana sawa in za ta shiga wurin iyalan majinyaci. Ta tambaye shi a hankali me ya sa ya wahalar da kansa. Ya kalle ni, ya kalle ta, ya ce kamar yadda ya rubuta a wasiƙa ne, da bai ji kira ba ya ɗauka mun amince. Sannan ya ba ta haƙuri, ya ce ranar farko ya cika ta da surutu a kan tayil ɗin har ya sa ta yabon abin da ba ta so.

Ta dubi yatsunsa masu filasta. Ta ce, "Ka yi aiki mai kyau, Mista Brennan. Mun gode." Ta tambaye shi inda tayil ɗin suke. Ya ce duk sun farfashe, motar shara ta kwashe tun makon jiya, ƙofar kuma ya ba wani mai sayen tsofaffin kaya kyauta. Ya miƙo mini makullai, ya nuna mana inda ake kashe ruwa da ranar fitar da shara, ya ɗauki jakarsa ya bi layin yana ɗingishi zuwa wajen filin.

Sai da ya sha kwana ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wace wasiƙa?"

Tana nan a jakar aikina. Na ba ta. Ta karanta a tsaye a cikin kwalayen kaya, direban na jiran a gaya masa inda zai ajiye firji.

"Mako uku ya ba ka."

Na ce haka ne.

"Ka ce mini tausayinsa ka ji."

Ta ninke wasiƙar yadda take ta miƙo mini.

"Ba ni za ka fara ba wa haƙuri ba. Tsohon nan yana can yana ganin ƙarya na yi masa ranar da na cire takalmi. Wannan za ka je ka gyara."

Mako biyar na yi ban je ba. Unguwar ta zama duk abin da ta nema. Ummi na tafiya makaranta a ƙafa, ni ina jin kiran salla in fita in sami raka'ar farko. Amma layi ne da kowa ke ganin ƙofar kowa. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Pakistan, ta kawo mana shinkafa a rana ta biyu, ta tsaya tana kallon ledar, ta gaya wa Sa'adatu yadda duk layin suka ga tsohon yana fito da ɓaraguzai a bokiti, rabi-rabi don ba ya iya ɗaukar cikakke. 'Ya'yanta sun so su taya shi, ya ce shi ya yi alkawari. A masallaci wani ya ba ni hannu ya ce, "Kai ne ka sayi gidan Frank," bai ƙara komai ba. Injiniya ya zo mana barka da buhun shinkafa, ya kalli ƙasa sau ɗaya, ya yi addu'a. Tun daga ranar ya daina ce mini Bakano. Sa'adatu kuwa ba ta sake ɗaga maganar ba, tana ba ni abinci, tana amsa gaisuwata, tana jira.

Wata Lahadi bayan azahar na ratsa filin. Tafiyar minti ashirin ce. Na same shi a ɗakin matarsa, yana zaune a gefen kujerarta da ƙaramin kwano, yana ba ta abinci da cokali. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, an taje mata kai, idonta na kan taga. Na ce ina son magana da shi a waje. Ya ce in yi a nan, ba za ta damu ba.

Na yi tafinta a gaban alƙalai, na gaya wa mutane sakamakon gwajin da ba sa son ji, amma ban taɓa yin fassara mai wuyar wannan ba. Na ba shi labarin Kwari, da shadda, da yadda ake kushe abin da aka fi so. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke zama wauta a wannan ɗaki. Na ce masa na karanta wasiƙarsa, na fahimce ta, na ɓoye ta. Na ce matata ba ta san komai ba sai ranar makulli.

Ya ajiye cokalin a cikin kwano.

"To ranar da ta cire takalminta fa?"

"Gaskiya ne," na ce. "Saboda su ta so gidan."

Ya dubi matarsa. A wani ɗakin ana jin talabijin.

"Akwai wanda ya ba ni fiye da naku," in ji shi. "Irin masu raba gida ɗaki-ɗaki su zuba 'yan haya. Na ƙi, saboda fuskar matarka. Ni ban yi makaranta mai nisa ba, amma duk rayuwata ina iya karanta fuskar mutum. Da ka zo ka ce kara ta yi mini, sai na ce, to Frank, kai ma ciwon ya fara kama ka. Nan ba da daɗewa ba za su ba ka gado kusa da ita." Ya nuna matarsa da haɓa. "Wannan ya fi fasa tayil ɗin damuna."

Ya juya wajenta, ya goge mata gefen baki da tsumma.

"Kin ji, Maureen? Tana son su. Ai na gaya miki."

Ba ta juyo ba. Ya ɗauki cokalin ya ci gaba.

Na roƙe shi ya yafe mini. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce bai san abin da zai ce mini ba, in gaida matata, in gaya mata bawul ɗin ruwan zafi yana da tauri, sai an danna kafin a murɗa. Na tsaya kaɗan ko zai ƙara wani abu. Da na ga hankalinsa ya koma kan cokali, na fita.

Na gaya wa Sa'adatu yadda muka yi, ban rage komai ba. Bayan wasu watanni na sami labarin wani mutum a bayan gari da ke sayar da irin tayil ɗin, waɗanda aka ciro daga gidajen da aka rushe, har yana iya maido da zanen in an nuna masa hoto. Na kawo mata takardarsa da murna. Ta duba, ta mayar mini.

"Ledar nan tsoho ne ya shimfiɗa ta a kan gwiwarsa, Abban Ummi. Tana nan har sai ta mutu don kanta."

Leda ce mai ƙarko, don bai sayi ta banza ba. Har yau ko gefenta bai ɗago ba.